Zauren ƙuri'a, taron wakilai ko jin ra'ayin jama'a: wanne za ku nema?

Bara da rani na halarci wani taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi a wata ƙaramar hukuma. An ce ƙarfe goma, amma ba a buɗe da addu'a ba sai sha biyu da rabi, ana jiran babban baƙo. Gabatar da manyan baƙi kaɗai ya cinye minti arba'in. Da aka zo kan jama'a, mutum bakwai aka miƙa wa makirufo, biyar daga cikinsu da kirari suka fara, da kirari suka gama. Can layin baya akwai wata dattijuwa da 'yar takarda a naɗe a hannu, tun da aka ba da dama hannunta yake sama har aka shafa fatiha. Da muka fito na same ta tana neman takalminta a bakin ƙofa, na ce, "Inna, me kika so faɗa ne?" Ta ce, "Ɗan nan, maganar ruwa ce. Burtsatse uku aka haƙa mana cikin shekara biyar, duk a ƙofar gida ɗaya."

Duk ƙungiyar da ke neman a riƙa jin muryar talaka tsakanin zaɓe da zaɓe, ko kansila ko shugaban ƙaramar hukuma mai niyyar kirki, hanyoyi uku ne a gabansa. Ko a buɗe ƙofa kowa ya shigo, irin taron da na je. Ko a naɗa wakilai daga ƙungiyoyi da masarautu da jam'iyyu, irin babban taron ƙasa. Ko kuma hanya ta uku wadda ba mu saba da ita ba, wato a fitar da mutane ta hanyar ƙuri'a, a zaunar da su makonni suna sauraron masana da masu adawa da juna, sannan su yanke shawara. Wannan ta ukun ita ake kira zauren 'yan ƙasa, kuma a kanta zan fi tsayawa, domin sauran biyun mun sha ganinsu.

Kafin nan, kalmar ƙuri'a tana bukatar ɗan bayani. Yau da an ce ƙuri'a sai hankali ya tafi kan akwati da dangwale. Asalin ma'anarta kuwa ita ce wadda matan adashe suka sani: a rubuta sunaye a dunƙule, a kira yaro ya ɗauko ɗaya, wadda ta fito ita ce da kwasar farko. Malaman fiƙihu ma sun san ta wurin rabo, idan kaso ya zo daidai kuma ba wanda ya fi wani haƙƙi. Mutanen birnin Atina na ƙasar Girka a zamanin da ma da ita suke cike majalisarsu mai mutum 500. To wannan ƙuri'ar nake nufi, ba ta ranar zaɓe ba.

Taron buɗe ƙofa ba ya bukatar dogon sharhi. Yana da araha, ana shirya shi cikin mako guda, kuma idan abin da ake nema shi ne a tattara koke, yana aiki. Aibinsa shi ne wanda yake da lokaci da kuɗin mota da bakin magana shi ke zuwa, mai shirya taron kuma shi ke riƙe da makirufo. Inda ya yi tasiri na gaske, kamar birnin Porto Alegre na Birazil da ya fara kasafin kuɗi tare da jama'a a 1989, sirrin shi ne an ajiye wani kaso na kuɗin ayyuka an ce abin da unguwanni suka zaɓa shi za a yi. Idan babu kuɗi a kan tebur, taro ne na shan lemo da ɗaukar hoto.

Taron wakilan da aka naɗa kuwa muna da misalai biyu a gida, kuma sun sha bamban. A Nijar, babban taron ƙasa ya zauna a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou. Ya ayyana kansa mai cikakken iko, ya rage wa Janar Ali Saibou ƙarfi, ya ɗora Amadou Cheiffou a kan gwamnatin riƙon ƙwarya, aka yi sabon tsarin mulki a Disamba 1992, aka yi zaɓen da Mahamane Ousmane ya ci a 1993. Taron ya yi aiki ne saboda waɗanda ke cikinsa su ne masu iya tsayar da ƙasa cik: ƙungiyar ƙwadago, 'yan makaranta, sababbin jam'iyyu. Amma ko a can sai da mata suka fito zanga-zanga ranar 13 ga Mayu 1991 saboda an kusa mantawa da su a kwamitin shirya taron, ranar da har yau ake tunawa da ita a matsayin ranar matan Nijar.

A Najeriya, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da nasa taron a Maris 2014, da wakilai 492 da Mai shari'a Idris Legbo Kutigi a kan kujera. An yi wata biyar ana kai ruwa rana, aka fito da shawarwari kusan 600, har da na ƙirƙiro sababbin jihohi 18. Kan batun kason jihohi masu mai aka kasa cimma matsaya, aka tura shi ga gwamnati ta kafa kwamiti. An miƙa rahoto a Agusta, zaɓe ya zo, gwamnati ta sauya, rahoton ya shiga kabad. Dubi jerin wakilan: tsofaffin gwamnoni, tsofaffin ministoci, tsofaffin hafsoshi, sarakuna, shugabannin ƙungiyoyi. Kowa ya zo da saƙon waɗanda suka aiko shi, kuma ya san idan ya sassauta zai koma gida a ce ya sayar da su. Mutumin da aka aiko ba ya iya cewa "na ji hujjarka, na canza ra'ayi." Ciniki yake iya yi, ka ba ni in ba ka.

Wannan giɓin shi zauren ƙuri'a yake cikewa. Wanda sunansa ya fito a ƙuri'a ba wanda ya aiko shi, ba shi da ubangida, ba ya neman a sake zaɓarsa. Idan ya saurari hujja ta gamsar da shi, babu wanda zai je yi wa bayani. Amma zaurukan ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda zai nemi a yi ɗaya ya kamata ya san inda kowanne ya ci da inda ya faɗi.

Ƙasar Ayalan da ke Turai ita ce misalin da kowa ke ambata. Daga 1983 har zuwa 2018 tsarin mulkinsu yana ɗauke da wani sashe da ya hana zubar da ciki kusan gaba ɗaya, 'yan siyasa kuma sun daɗe suna kauce wa maganar, domin duk wanda ya taɓa ta sai ya ƙone. A 2016 majalisar dokoki ta kafa zaure mai mutum 99 da aka tsamo daga cikin jama'a, an daidaita maza da mata, manya da matasa, yankuna da matsayin rayuwa, tare da alƙaliyar kotun ƙoli Mary Laffoy a matsayin shugaba. Suna haɗuwa a wani otal a garin Malahide kusa da Dablin, ranakun Asabar da Lahadi. Ba a layi-layi suke zama suna kallon babban tebur ba. Tebura ne masu zagaye, 'yan mutane kaɗan a kowanne, da mai kula da cewa kowa ya yi magana da mai rubuta abin da aka faɗa. Likita ya tashi ya yi bayani, lauya ya yi, malaman addini da ƙungiyoyin da ke goyon baya da masu adawa duk a ba su lokaci, sannan teburan su tattauna su miƙo tambayoyi. Ana nuna zaman a intanet kai tsaye, jama'a kuma sun aiko da rubutattun ra'ayoyi sama da 13,000. Bayan zama biyar, a Afrilu 2017, suka kaɗa ƙuri'a a asirce.

Ko mai karatu ya yarda da abin da suka yanke ko bai yarda ba, ba shi ne abin dubawa a nan ba. Al'ummarsu ce, tambayarsu ce. Abin dubawa shi ne abin da ya biyo baya. Tun kafin a fara an rubuta cewa rahoton zai je gaban kwamitin majalisa. Kwamitin ya yi aikinsa, aka kai maganar ƙuri'ar raba gardama ranar 25 ga Mayu 2018, kashi 66.4 cikin ɗari suka amince a cire sashen. A zauren, kashi 64 ne suka goyi bayan sassauci mafi faɗi, adadin da 'yan siyasa da 'yan jarida da yawa suka ce ya yi nisa da ra'ayin mutanen gari. Ashe mutum 99 ɗin sun fi 'yan majalisa sanin inda ƙasar ta dosa.

Sai dai Ayalan ɗin ma ba kullum take kwana a gado ba. A Maris 2024 aka kai wasu gyare-gyare biyu kan iyali da kula da masu rauni gaban jama'a, waɗanda asalinsu daga wani zauren ne da ya zauna kan daidaito tsakanin maza da mata. Gwamnati ta sake lafazin, ta rage masa ƙarfi, ta kawo abin da ba shi zauren ya rubuta ba. Jama'a suka yi watsi da duka biyun, ɗaya da kusan kashi 68, ɗaya da kusan 74.

Faransa ta bi wata hanyar, kuma a ganina darasinta ya fi na Ayalan amfani gare mu, domin halin da ya kayar da ita halin da muka sani ne. Bayan boren masu riguna ruwan ɗorawa da ya ɓarke a ƙarshen 2018 kan harajin man fetur, Shugaba Emmanuel Macron ya kira mutum 150, aka same su ta hanyar buga lambobin waya na canki-canka, har da 'yan shekara 16. Aka ba su tambaya ɗaya: yaya za a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da aƙalla kashi 40 kafin 2030, idan aka kwatanta da 1990, ba tare da an danne mai ƙaramin ƙarfi ba? Macron ya yi alƙawarin cewa abin da suka kawo zai miƙa shi ga majalisa ko ga ƙuri'ar raba gardama ba tare da tacewa ba. Daga Oktoba 2019 zuwa Yuni 2020 suka yi aiki, suka kawo shawarwari 149. Nan take ya ajiye uku a gefe, cikinsu har da rage gudun mota a manyan tituna zuwa kilomita 110 a sa'a da harajin kashi 4 kan ribar masu hannun jari. Sauran suka shiga hannun ma'aikatu da masu kamun ƙafa na kamfanoni. Zauren ya ce a hana jirgin sama zirga-zirga tsakanin biranen da jirgin ƙasa ke haɗawa cikin ƙasa da awa huɗu. Dokar da ta fito a Agusta 2021 ta mayar da shi awa biyu da rabi, wanda ya bar hanyoyi ƙalilan kawai a cikin haramcin. Ƙuri'ar raba gardamar da aka yi alƙawari kan gyaran tsarin mulki ta mutu tsakanin majalisun biyu. Da aka sake tara mutanen a Fabrairu 2021 aka ce su ba gwamnati maki kan yadda ta ɗauki aikinsu, 3.3 cikin 10 suka ba ta. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Kuskuren Faransa biyu ne. Alƙawarin na baki ne, daga mutum ɗaya, babu dokar da ta ɗaure shi. Sannan tambayar ta yi faɗi har ta haifi shawarwari 149, mai mulki kuwa idan ka ba shi kwando cike sai ya zaɓi waɗanda ba su da ƙaya ya ce ya karɓa. Mai tuna shawarwari 600 na Abuja zai gane wannan.

Lardin British Columbia na Kanada ya riga su duka, a 2004, kuma shi nasa alƙawarin a rubuce yake. Mutum 160, mace ɗaya da namiji ɗaya daga kowace mazaɓa cikin 79 da ƙarin biyu daga 'yan asalin yankin, suka shekara suna nazarin tsarin zaɓe, aka ce abin da suka zaɓa kai tsaye zai tafi gaban jama'a. Aka cika alƙawari a Mayu 2005. Kashi 57.7 suka ce e, kuma e ɗin ta yi rinjaye a mazaɓu 77 cikin 79. Amma gwamnati ta riga ta sa sharaɗin kashi 60, don haka aka ce bai wuce ba. Abin dariyar shi ne ita gwamnatin da ta sa wannan sharaɗi, da kashi 57 da ɗoriya ta ci zaɓen 2001, ta kwashe kujeru 77 cikin 79. Da aka maimaita ƙuri'ar a 2009, zauren ya daɗe da watsewa, babu mai yi wa mutane bayani, goyon bayan ya faɗo ƙasa da kashi 40.

Na huɗun ƙarami ne, ba a cika jin labarinsa ba, amma shi na fi so. A gabashin Beljiyam akwai yanki mai magana da Jamusanci, mutanensa ba su kai 80,000 ba, wato bai kai yawancin ƙananan hukumominmu ba. A 2019 majalisarsu da ke Eupen ta yi doka ta kafa zaure na dindindin. Akwai majalisar mutum 24 da ƙuri'a ta fitar, kowa yana yin wata 18, ana sauya su kashi-kashi. Su ne ke zaɓar batun da za a tattauna, ba gwamnati ba, sai a fitar da wani rukuni na mutum 25 zuwa 50 su zauna a kansa. Idan sun gama, dole kwamitin majalisar dokoki da ministan da abin ya shafa su zauna da su a bainar jama'a. Shawarar da ba za a ɗauka ba sai an faɗi dalili, kuma bayan shekara a sake haɗuwa a ga ina aka kwana. Ba a tilasta wa majalisar dokoki ta karɓa, amma an toshe mata hanyar yin shiru.

To wanne za ku nema?

Idan rikicin tsakanin masu ƙarfi ne, irin wanda ba zai lafa ba sai su da kansu sun sa hannu, kamar rabon arzikin ƙasa ko sulhu tsakanin ɓangarorin da ke riƙe da makami, zauren ƙuri'a ba zai yi ba. Mai sayar da kayan miya da ƙuri'a ta fitar ba zai iya yi wa kowa alƙawarin ajiye bindiga ba. Nan taron wakilai ya fi, da sharaɗin kada mai mulki shi kaɗai ya rubuta sunayen, in ba haka ba an koma tuwona maina.

Idan kuwa batun irin wanda 'yan siyasa ke da hannu dumu-dumu a cikinsa ne, ko suke tsoron taɓawa, zauren ƙuri'a ya fi komai. Albashi da alawus na 'yan majalisa, yadda za a zaɓi shugabannin ƙananan hukumomi, inda za a mayar da kasuwa, yadda za a raba filaye, dokar acaba a cikin birni, tsarin karatun allo da bara. Ɗan majalisa ba zai yi adalci a kan albashinsa ba, kuma wanda ke neman ƙuri'ar kowa ba zai faɗi maganar da za ta ɓata wa rabin gari rai ba.

Tsarin Ayalan da na Kanada suna da wahalar kwaikwayo a Najeriya, domin ƙarshensu ƙuri'ar raba gardama ce, tsarin mulkin 1999 kuwa bai tanadi ita ba sai a wurare ƙalilan irin ƙirƙirar jiha da yi wa ɗan majalisa kiranye. Gyaran tsarin mulki sai ya bi ta majalisar tarayya da kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi. Nijar ta saba da ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulki, don haka can hanyar ba baƙuwa ba ce. Abin da jiha ko ƙaramar hukuma za ta iya yi gobe ba tare da ta jira Abuja ba shi ne irin na Beljiyam: dokar majalisar jiha ko ta kansiloli da ta ce wajibi ne a amsa a rubuce cikin wata kaza, a kuma karanta amsar a rediyo.

Za a ce mutanenmu ba su yi boko ba, ba za su iya ba. An gwada wani abu makamancin haka a Tamale ta arewacin Gana a 2015: aka tsamo mutane ta ƙuri'a suka kwana biyu suna tattauna ruwan sha da tsafta da abinci, kuma saboda da yawa ba sa karatu, da bidiyo aka gabatar musu da bayanai maimakon takardu. Tattaunawar ta yiwu. Ni dai ban taɓa ganin dillalin shanu a kara ko mai awo a kasuwar hatsi da lissafi ya gagara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Matsalolin gaskiya wasu ne daban. Na farko, daga ina za a ɗebo sunayen? Turawa wasiƙa suke aikawa gida-gida, Ayalan ta aika 20,000 kafin zaurenta na 2023 kan miyagun ƙwayoyi. Mu ba mu da adireshi irin wannan, ƙidayar ƙarshe a Najeriya kuwa tun 2006. Abin da ke hannu shi ne rajistar masu zaɓe, mai sunaye sama da miliyan 93 a 2023, a tsare rumfa-rumfa. Ana iya fara fitar da rumfuna ta ƙuri'a, sannan a fitar da lambobi daga rajistar kowace rumfa, kwando ɗaya na maza ɗaya na mata. Kuma a yi shi a fili, a filin makaranta ko ƙofar fada, yaro ya sa hannu ya ɗauko a gaban kowa, ana watsawa a rediyo. Ranar da aka ce an yi ƙuri'ar a ofis da kwamfuta, ranar zauren ya mutu, don kowa zai rantse sunayen 'yan amshin shata aka zuba.

Na biyu, wa zai zaɓi masanan da za su yi bayani? Wanda ya riƙe wannan ya riƙe zauren ba tare da ya shiga ɗakin ba. Mafita ita ce ɓangarorin da ke jayayya kowanne ya kawo nasa, a ba su lokaci daidai da agogo, mutanen zauren kuma su sami ikon cewa a kira musu wane.

Na uku shi ne wanda masu shirya taro suka fi rainawa. Ƙuri'a za ta fitar da suna, amma ba za ta kawo mutum ba. Ko a Turai yawancin waɗanda aka gayyata ba sa amsawa, kuma waɗanda ke amsawar sun fi karkata ga masu ilimi da masu hali, shi ya sa ake sake tacewa a daidaita. A nan kuwa, idan sunan matar aure ya fito, sai an je an gaida maigidanta an yi masa bayani, wani lokacin da mai unguwa ko liman a gaba. Idan tana goyo, sai an tanadi wurin raino. Idan tebur ɗaya da maza zai sa ta yi shiru, a fara da teburan mata daban kafin a haɗu. Kada a sa zaman a tsakiyar damina lokacin noma, ko ranar kasuwar garin. Ɗan ga-ruwa da mai tuyar ƙosai kuma abin da suka samu yau shi za a ci yau, don haka kuɗin zama da na mota ba kyauta ba ce, diyyar cinikin da suka bari ne, kuma a hannu za a ba su da yammar kowace rana, ba a ce su kawo lambar asusu a turo musu bayan an sa hannu a fayil ba.